Zuƙar sigarin lantarki a kan sitiyari: laifi ne ko ba laifi ba?

Tsohon Direba: Jama'a, ni ina nan a kan bakana. Babu dokar da ta hana mutum zuƙar sigarin lantarki yana tuƙi. Wayar hannu an ambace ta ƙarara a dokokin ƙasashe da dama, amma wannan fa? Wanda ya san inda aka rubuta ya kawo mana.

Ɗalibar Shari'a: Baba, ka faɗi rabi ka bar rabi. A Ingila babu sashen da ya kira shi da suna, gaskiya ne. Amma dokar hanya ta 1988, sashe na 3, ta hukunta tuƙi ba tare da kula ba. Idan ɗan sanda ya ga hayaƙi ya turnuƙe maka gaba, yana iya cin ka tarar fam 100 da makin laifi 3 da za a rubuta a lasisinka. In an je kotu, makin na iya kaiwa 9.

Tsohon Direba: To ai kin gani, 'yata. Sakaci aka hukunta, ba zuƙa ba.

Ɗalibar Shari'a: Sakacin daga ina ya fito, Baba?

Bakanike: Bari in shigo nan, domin ni gilashi nake gani kullum. Ruwan da ake ɗurawa a na'urar akwai wani sinadari mai kauri da ake kira gilisirin a ciki, shi ne ke sa tururinsa ya fi hayaƙin taba kauri. Yana kuma barin maiƙo a cikin gilashin gaba, wanda ba ka lura da shi sai da dare, in fitilar wata mota ta haske ka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyu ba ka ganin hanya, ka yi sama da mita 50 a makance. Yaro na iya tsallakawa a wannan tazarar.

Maman Biyu: Ni yaran cikin motar ne damuwata. Tun Oktoban 2015 Ingila ta hana shan taba a motar da ke ɗauke da wanda bai kai shekara 18 ba, tarar fam 50, amma dokar ba ta haɗa da na lantarki ba. Wallahi wannan giɓin bai kwanta mini ba. Nikotin ɗin ai yana nan.

Mai Tasi: Hajiya, ku yi mana adalci. Da yawanmu da shi muka rabu da taba. Sauke gilashi kaɗan, hayaƙin ya fice, shi ke nan.

Bakanike: Malam, sauke gilashi ya rage hayaƙi, amma hannunka ɗaya har yanzu yana kan na'urar. In ta faɗi ƙarƙashin birki fa?

Ɗalibar Shari'a: Kuma a lura, ba ko'ina ake wannan gardamar ba. Singafo ta haramta mallakarsa da shansa tun 2018, Indiya ta hana sayar da shi a 2019. A Singafo ko mota a tsaye take, laifi ne.

Tsohon Direba: Na ji. Amma inda ba a haramta ba, ba zan kira shi laifi ba.

Maman Biyu: Kira shi abin da ka ga dama, Baba. Ni dai direban da ya zuƙa da 'ya'yana a mota, zan ce ya tsaya mu sauka.