Neman shawara: masu kamuwa na ƙaruwa, masu mutuwa na raguwa, ni ina na dosa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Shekarata 38. Ciwon dajin hanji ne ya yi ajalin mahaifinmu. Yana da 47 aka gano, bai kai shekara biyu ba ya rasu. Har yau ina tuna ramarsa, sai da ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Jiya na ci karo da rahoton Amurka, wai mace-macen ciwon daji sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tun 1991, amma na hanji yana ƙaruwa ga 'yan ƙasa da shekara 50. Kaina ya kulle. In kwantar da hankali ne, ko in nufi asibiti? Ba abin da ke mini ciwo.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Duka biyun gaskiya ne, ɗan'uwa. Mutane sun yawaita, suna kuma tsufa, ga gwaji ya yawaita, dole a ga jimillar masu ciwon daji ta hau, sai dai wannan bai isa ya bayyana ƙaruwar na hanji ga 'yan ƙasa da 50 ba. Mutuwar kuwa raguwar shan taba ce ta fi janyo ta ƙasa, musamman dajin huhu, sai ganowa da wuri da ingancin magani. Amma wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, ba a yi shi da tarihin gidanku ba.

Abu Sadiq: Ka yi ta addu'a kawai, yawan bincike ke jawo tsoro.

Ummu Khadija: Malam Abu Sadiq, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Amurkan ma saboda wannan ƙaruwar aka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021, kuma wannan ga wanda babu cutar a danginsa ne. Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, shekara 40 ake cewa, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga. Cire 10 daga 47. Ka ga har ka ɗan makara. Gwajin shi ne a zura siririyar kyamara ta dubura a duba hanji, in an ga ƙananan tsiro a cire su nan take tun ba su rikiɗe ba. Rashin jin ciwo ba hujja ba ne, wannan cuta shiru take tafiya. In kuma ka ga jini a bayan gida, kar ka yanke hukunci da kanka ka ce basir ne.

Mai tambaya: Jikina ya yi sanyi. Yayata ma 44 gare ta, ba ta taɓa yi ba, yanzu zan kira ta. Anti, da zafi ne?

Ummu Khadija: Yawanci ana ba da maganin barci. Wahalar tana daren jajibiri, lokacin shan maganin wanke ciki. Ranar kar ka yi nisa da banɗaki.