Zane da gini a hannun kamfani ɗaya: wa ya taɓa gwadawa?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin Islamiyyar unguwarmu a Kano. Mun tara kuɗi za mu tayar da bene hawa ɗaya, aji shida. Wani kamfani ya ce mu bar masa komai, shi zai yi zane, ya nemo izinin gini, ya gina, ya miƙo mana mukulli a kan farashi ɗaya. Dattawan kwamiti kuma sun ce a'a, a nemi mai zane daban, sannan a kira 'yan kwangila uku su kawo farashi. Kuɗin jama'a ne, ina tsoron abin kunya. Don Allah wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ni hanyar dattawanku na bi a Kaduna, kuma na ji a jikina. Wani ya zana min, wani ya karɓi ginin. Lafiya lau har muka kai dakin, wato zuba kankaren saman bene, ran nan kafinta ya kira ni ya ce in zo in gani. Na je na tarar bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dakin, ya ratsa daidai saman matattakala, dogon mutum sai ya sunkuya zai wuce. Ɗan kwangila ya buɗe takarda a kan bonet ɗin motata ya ce shi abin da aka zana ya bi. Mai zane ya ce a waya ai magini mai hankali da ya tambaya kafin ya kafa katako. Wata uku aiki na tsaye suna jifan juna da laifi, kuma a daidai lokacin ne, farkon 2024, buhun siminti ya tashi daga dubu biyar da wani abu ya haura dubu goma. Gyaran da ƙarin kuɗin duk a aljihuna suka ƙare. Da hannu ɗaya ne ya zana ya gina, da na san wuyan rigar da zan riƙe.

Hajiya Maman Iman:
Baban Walid, wuyan rigar ma sai da takarda ake riƙe shi. Ni hannu ɗaya na ba, ina Jidda a lokacin. Hotunan kwamfuta suka turo min, gida kamar a lashe, na sa hannu. Yarjejeniyar shafi biyu ce, an rubuta "tayil mai kyau" da "ƙofofi masu inganci". Da na dawo na shiga ɗakina, gado da wadurof kawai suka cinye shi. Na ƙwanƙwasa tayil ɗin falo da zobena, sai ƙarar holoƙo nake ji, ƙasansa babu isasshen siminti. Na yi magana, suka ce Hajiya ina aka rubuta faɗin ɗaki? Wallahi babu. Ban ce sun yi sata ba, amma duk inda na bar ƙofa a buɗe, mai arha suka zaɓa. Sauri kam sun yi, wata bakwai suka gama, ba su kuma nemi ƙarin sisi ba.

Mai Ƙididdiga:
Malam Abu Safwan, lissafin kayan gini ne sana'ata, kuma na yi aiki a tsarin biyu. Abin da ya sami Hajiya shi ne ainihin raunin tsarin hannu ɗaya. Idan mai zane daban ne, shi ne idonka a wurin aiki, yana iya cewa a rushe. Idan kuwa albashinsa daga ɗan kwangila yake fitowa, ba zai ce a rushe aikin maigidansa ba. Tsarin ba sabo ba ne, kuma ba na 'yan damfara ba ne. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ba kamfanin Mota-Engil a 2021 haka yake, zane da gini duk nasu. Sai dai a manyan ayyuka irin wannan mai aikin kan ɗauki injiniyoyin sa ido nasa na kansa, abin da mu ƙananan masu gini muke ganin ɓarnar kuɗi ne.

In za ku ba su, kafin a yi maganar farashi ku zauna ku rubuta abin da kuke so: tsawo da faɗin kowane aji, yara nawa zai ɗauka, faɗin matattakala, kaurin kwano, irin taga, yawan banɗaki. Zanen ƙarfen ginin ya zo da hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma ku ga takardar amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da idonku kafin a haƙa fandisho. Kuɗin kafin alƙalami kada ya yi yawa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 kashi 15 cikin ɗari ta yanka a lokacin da aka yi ta, shi ma sai da takardar lamuni. Na taɓa shiga wani aikin masallaci da aka ba da kashi 60 tun ranar farko, har yau ginin yana lintal. Sauran kuɗin a biya mataki-mataki, a riƙe kashi 5 har wata shida bayan karɓar mukulli, in so samu ne damina ta ratsa ta kansa.

Tsohon Birkila:
Ranka ya daɗe, ni ba ni da boko, yarona ke rubuta min. Shekarata talatin da cokali a hannu. A aikin jinga, riba tana cikin abin da za a binne. An taɓa kawo mana rodi mai kaurin milimita sha biyu a wurin da takarda ta ce sha shida, aka ce mu ɗaure da daddare, da asuba aka zuba kankare. Mai gida ya zo da hantsi yana ta sa albarka. Ku sa naku mutumin ya ƙirga rodi kafin a zuba, ko fila ko dakin. Bulo kuma ku ɗaga ɗaya daidai ƙirji ku saki. In ya watse kamar garin kwaki, ku mayar da motar gaba ɗaya.

Baban Walid:
Baba, wannan gwajin bulon da na san shi da wuri!

Abu Safwan:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa kwamiti duka bayan sallar isha'i. An amince a ba kamfanin, da sharaɗin mu rubuta buƙatunmu tukuna, mu kuma ɗauki injiniyanmu. Akwai wani tsohon ɗalibin makarantar da ya ce zai duba mana kyauta, amma shugaba ya ce a biya shi, don a samu bakin yi masa magana in ya makara ranar zuba dakin. Kamfanin ya nemi kashi 40 kafin alƙalami, mun ce 20, gobe za su ba mu amsa. Mai Ƙididdiga, in ba damuwa zan turo miki daftarin ki duba mana batun faɗin matattakalar, don yara kusan ɗari da hamsin ne za su riƙa saukowa lokaci ɗaya.