Wa ya taɓa gadon otomat ɗin da ba suna ko ɗaya cikinshi?

Ɗan Tibiri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce aka kira ni wata ma'aikatar ruwan leda nan Maradi injin cikawa ya tsaya, otomat ɗin (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin) S7-300 ne na Siemens, wanda ya rubuta furogiram ɗin ya bar gari da kwamfutarshi. Na jawo furogiram daga CPU, wato ƙwaƙwalwar otomat ɗin, sai ga adireshin memori irin M10.3, MW24, DB5 tsirara, ba suna ba bayani, don shi wanga otomat ba ya aje sunaye cikinshi, suna can cikin fayil ɗin STEP 7, manhajar da ake rubuta furogiram ɗin da ita. Kwana 2 ina durƙushe gaban akwati da mita ina bin waya ɗaya ɗaya kafin in gane M10.3 shi ke cewa tanki ya cika, mai wurin na tsaye kaina kwastomomi na jira. Abin ya yi min ciwo wallahi. Ku mi kuka gani?

Mai Shato:
Wa alaikumus salam, sannu malam. Ni tawa laifina ne. Shato na wani ƙauye wajen Madarunfa, na sa tsawon ruwa a MW10 na sa awowin famfo a MW11, ashe kowane MW gurbin memori (bayit) biyu yake ci: MW10 ya ci bayit 10 da 11, MW11 kuma 11 da 12, sun haɗu a bayit ɗaya. Awa na ƙaruwa lissafin ruwa na rikicewa, famfo ya ƙi tsayawa ruwa na zuba ƙasa da tsakar dare har mai gadi ya kira ni. Tun ranar bibbiyu nike tsallakawa, 10, 12, 14.

Baban Halima:
Mai Shato a otomat M221 na Schneider %MW10 da %MW11 ba su taɓa juna, amma ka sa %MD10, mai ninkin girman %MW, ya cinye su duka biyun, nan ni ma na faɗa.

Ƙanenku ɗalibi:
Yayye ni tsoron dogon suna nike kar memori ta cika, shi ya sa nike sa P1, P2, T1.

Ɗan Tibiri:
A'a ƙanena, don Allah ka daina. A otomat S7-1200 na Siemens suna da bayani memorin lodi (ma'ajiyar furogiram) suke tahiya, ba memorin aiki da furogiram ke gudana ciki ba. Rubuta Famfo1_Lalura, Tanki_Cike, wanda zai zo bayanka ya karanta ya gane. Dai kar ka fara da lamba kar ka bar fili, haka IEC 61131-3, ƙa'idar rubuta furogiram ɗin otomat, ta tsara.

Baban Halima:
Inda memori ke ciwo da gaske otomat ɗin Allen-Bradley ne, suna har harafi 40, kuma BOOL (mai riƙe i ko a'a kawai) guda shi kaɗai bayit 4 yake ci, gara ka tara su 32 cikin DINT ɗaya, wato gurbin lamba mai bayit 4.

Mai Shato:
Sai memorin da ke riƙe lissafi in kuran ya yanke, ita ce 'yar kaɗan, ta otomat 1212C ɗina kilobayit 10 ce. Awowin famfo da lissafin kwanta (abin ƙidaya) kawai nike sawa ciki, ina ƙara _R a ƙarshen sunan. Ɗan Tibiri ka bar musu fayil ɗin kuwa?

Ɗan Tibiri:
Na bari, a kile USB na ɗaure cikin ƙofar akwatin, da takarda.