Taƙaitaccen Bayanin Shawarwari Kan Magungunan Gargajiya na Mata

A wata tattaunawa da wasu mata suka yi da wata ungozoma a Tudun Wadan Zariya, an fi daɗewa kan kunun kanwa. Ungozomar ta tunatar da su cewa tun shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta yawan shansa, tare da zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki. Shawararta ita ce a rage shi ƙwarai, mai hawan jini kuwa ta bar shi gaba ɗaya.

Citta ta samu yabo wajen rage ciwon mara da tashin zuciyar masu ciki. Hulba, wadda ake sha don ƙarin ruwan nono, tana sauke sukarin jini, kuma bai dace mai ciki ta sha ta ba.

Maganin matsi ne, a ganina, ya fi haɗari, tunda yakan ƙona fata ya jawo ciwon sanyi. Wadda al'adarta ta rikice wata uku a jere, an ce ta fara zuwa asibiti a yi mata gwaji kafin ta nemi jiƙo.