Shawarwari kan dokar tallafi ta Sanata Suplicy

An yi wata tattaunawa kan ra'ayin tsohon Sanata Eduardo Suplicy na Burazil: a ba kowa kuɗin rufin asiri ba sharaɗi. Dokarsa ta samu sa hannu a 2004, amma ta bar wa gwamnati aiwatarwa sannu-sannu gwargwadon kasafi, shi ya sa har yau ba ta game kowa ba. Masana suka ce a rubuta tushen kuɗin da ranar fara biya cikin dokar kanta. Rajistar mabuƙata kuma a sabunta ta duk shekara 2, in ba haka ba sunayen mamata su ci gaba da karɓa, sababbin matalauta na zaune. Wasu sun fi son Bolsa Família, shirin gwamnatin Burazil na ba iyalai matalauta kuɗi, inda galibi katin karɓar kuɗin ke hannun uwa, bisa sharaɗin makaranta da rigakafin yara.