Kuɗin ruwa: float zan sa ko long?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa kawuna na'urar ƙirga litar ruwa da kuɗin da ke shigowa a rijiyar burtsatsensa, da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta) da harshen C na rubuta manhaja. Kuɗin nan float (nau'in lamba mai ɗigo) zan ba shi ko long (nau'in cikakkiyar lamba mai tsawo)? Kuma lita da kuɗi da lokaci, in tara su a struct (ƙunshin bayanai) ɗaya ko kowanne da array (jerin lambobi) ɗinsa? Allon Uno ɗin na riga na saya.

Abban Nana: Wa alaikumus salam. Sayi ESP32 (wani allo irin Uno) ka huta, int ɗinsa (nau'in cikakkiyar lamba na yau da kullum) bit 32 ne. Naira 9,000 na sayo nawa.

Ummu Hanif: Yaushe rabonka da kasuwa, Abban Nana? Makon jiya 15,000 aka ce min a Ahmadu Bello Way.

Injiniyan Tudun Wada: Ƙanena, ko me za ka yi, ka guji int a Uno. Byte 2 ne, wato bit 16, iyakarsa 32,767. Ɗan yayata yana aiki a wani gidan ruwan leda, wanda ya haɗa musu na'ura ya sa int a ƙirgan leda. Ran da lissafi ya haura, allo ya nuna -32,768. Maigidan ya ce yaron ne ya taɓa injin don ya ɓoye sata, ya kore shi a gaban ma'aikata, albashin watan ma bai ba shi ba. Ni aka kira gyara, layi ɗaya na canza. Har yau bai nemi yaron ba. Wallahi abin na cina.

Ummu Hanif: Allah ya saka masa. Ɗan Rigasa, float lambobi 6 zuwa 7 kawai yake riƙewa daidai, kuma a Uno double (babban yayan float) ma byte 4 ne, duk ɗaya. Ajiye kuɗin a kobo cikin unsigned long (long da ba ya sauka ƙasa da sifili), yana kaiwa 4,294,967,295.

Abban Nana: Hajiya, wannan karatun littafi ne. Kin taɓa haɗa allo da hannunki?

Ummu Hanif: Malam, shekara nawa ina koyar da wannan aikin.

Mai Shayin Kawo: Ni lissafina a murfin kwali yake, bai taɓa komawa baya ba!

Injiniyan Tudun Wada: Laifin na makarantu ne. Mu a takarda muka yi jarrabawar C, aji guda kwamfuta biyu, ɗaya ba ta tashi. Pointer (mai nuna inda bayani yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta) a allon aji aka zana mana.

Abban Nana: Mu kwamfutar akwai, wuta ce babu, sai mun yi karo-karon man janareto.

Ɗan Rigasa: Na gode. Maganar struct ɗin fa?