In yi nawa kilas ɗin kuskure ko ValueError ya wadatar?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata huɗu kenan da na fara koyon Python, yanzu ina rubuta wata ƴar manhaja ta lissafin kaya a sito, shigarsu da fitarsu. Wuri uku ne ake samun matsala: a nemi kayan da babu lambarsu, a nemi fitar da fiye da abin da ya rage, ko a rubuta adadi ƙasa da sifili. Duk ukun ValueError nake jefawa, wato kuskuren da Python ta tanada don ƙimar da ba ta dace ba, to in na zo kamawa da except ban san wanne ne ya faru ba sai na tsaya karanta saƙon da ke ciki. In yi nawa kilas ne ko ya yi wa ƙaramin aiki yawa? Python 3.10 gare ni, kuma ran Litinin zan miƙa aikin.

Mai_Java:
Wa alaikumus salam. Ka fara sanin wane iri kake so tukuna. In ka gado daga Exception dole duk wanda ya kira fankshon ɗinka ya kama shi ko ya sa throws, in ba haka ba kod ɗin ba zai ma haɗu ba. In daga RuntimeException ne babu wannan dolen.

Malama_Kod:
Malam ai Python ya ce, wannan dolen na yaren Java ne. Ƙanina yi naka, layi biyu ne kacal. Ka yi uwa guda ɗaya, class SitoError(Exception), sai BabuKayaError da KayaSunGazaError su gado daga ita. Mai son kama duka ya kama uwar, mai son ɗaya ya kama ɗiyar, haka requests, laburaren Python na neman bayanai a intanet, ma ta yi, Timeout da HTTPError duk a ƙarƙashin RequestException suke. Adadin ƙasa da sifili kuwa bar shi a ValueError, aikinsa kenan. Kada dai ka gado daga BaseException, can ne gidan KeyboardInterrupt da SystemExit, masu tsayar da manhaja gaba ɗaya.

Tsohon_Hannu:
Ku bar batun suna, ba a nan gizo ke saƙa ba, a wajen kamawa ne. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na gaji aiki daga hannun wani a inda na taɓa yin aiki, ya yi kilas na kuskure har goma sha huɗu, kowanne da sunansa mai kyau, ka gani ka ce wannan ya iya. Ashe can sama inda ake ajiye bayanai ya nannaɗe komai da except Exception sai pass a ƙasa, wato a kama kuskuren a yi shiru. Sati uku cur manhajar tana ce wa mutane an ajiye alhali ba abin da ke shiga, ba ƙara ba alama, log fes kamar an share. Ranar da asiri ya tonu ni aka kira, ni aka tsare da tambaya gaban kowa, don ni ne na ƙarshe da ya taɓa fayil ɗin, kuma ko layin ban taɓa gani ba. Kwana huɗu ina dawo da bayanai da hannu daga takardu. Da na gyara kuma sai ga wata, duk inda ya kama kuskuren rumbun bayanai ya jefa nasa, saƙon da ya sa "an samu matsala" ne kawai, babu lambar kaya babu komai. Ka sa raise naka from e, e ɗin shi ne kuskuren da ka kama, don a ga asalin abin a fili, kuma ka ajiye lambar kayan a cikin kilas ɗin. Shi wanda ya yi ɓarnar ko haƙuri bai ba ni ba.

Dan_Bash:
Kai oga sannu, Allah ya kiyaye gaba. Amma fa except da pass maganin hawan jini ne, na sati uku 😂

Mai_Sauri:
Ni dai ban yarda da yawan jefa kuskure ba, yana cin lokaci sosai. Ka dawo da None ka duba da if, shikenan.

Malama_Kod:
Tun Python 3.11 da ta fito a 2022 shiga try kusan kyauta ne.

Mai_Sauri:
Kyauta in ba a jefa komai ba, in an jefa ana biya. Kuma yaron 3.10 ya ce yana amfani da shi.

Tsohon_Hannu:
Manhajar sito ce fa, wane lokaci za ta ci da har mutum zai ji? None ɗin nan shi ma haɗiye kuskure ne, ka manta if ɗaya sai ya fashe can gaba da AttributeError inda ba ruwansa. Shekara nawa ka yi kana riƙe da kod da mutane ke dogaro da shi?

Mai_Sauri:
Oga da girmanka, shekaru ba hujja ba ne. Yaren Go gaba ɗayanta ƙima take dawowa da ita a matsayin kuskure, kuma manyan ayyuka ake yi da ita.

Mai_Java:
To Go ba None take ba ka tsirara ba ai, kuskuren ne da bayaninsa.

Yar_Koyo:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu duba aiki. Na yi kilas biyu aka ce na cika ƙaƙale, na cire na koma ValueError wani kuma ya ce ban san tsari ba, kuma ba wanda ya zauna ya nuna min dalili, sai dai a rubuta "gyara" a wuce. Mu da muke koyo ya ake so mu yi?

Tsohon_Hannu:
Wallahi ƙanwata gaskiyarki. Wanda ya duba kod ɗin da ya jefa ni a bala'i ma minti nawa ya yi a kai, hannu kawai ya sa.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi SitoError da ƴaƴanta biyu. To lambar kayan a __init__ zan sa ta? Kuma dole ne in kira super?

Yar_Koyo:
Oga Tsohon_Hannu to a wajenku yanzu mutum nawa ke duba kod kafin a haɗa shi, kuma in biyu suka saɓa maganar wa ake bi?